GYARAN GIDA KAFIN KIRSIMETI: A ZAUNA A YI LISSAFI TUKUNA

Karatu: Luka 14:28-30, Maimaitawar Shari'a 24:14-15, Luka 10:38-42



Da zarar ruwan sama ya ɗauke, hunturu ya fara busowa, duk wanda ya bi hanyar Kachia zuwa Zonkwa har Kafanchan zai ga alama iri ɗaya a ƙofar gidaje: tarin yashi, jerin bulo, da bandir na kwano a jingine. An haƙe citta, an girbe masara, kuɗi ya ɗan shigo hannu. 'Ya'yanmu na Kaduna da Abuja da Legas sun aiko cewa suna tafe. Wani yana da bikin aure a makon Kirsimeti, wani kuma yana jiran baƙin da za su zarce Kagoro don bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Sai maigida ya dubi bangonsa da ya tsage, ya ce lalle ne a gama gyara kafin ranar 25 ga Disamba.

Gyaran gida abu ne mai kyau. Mutumin da ya toshe rufin da ke yoyo a kan iyalinsa ya cika hakkin da Allah ya ɗora masa. Amma wannan magana ta "lalle kafin Kirsimeti" ta jefa gidaje da yawa cikin bashi da husuma. Ubangiji bai sa mana wannan wa'adi ba, mu ne muka sa wa kanmu, sau da yawa kuwa waɗansu ne suke ɗaukar nauyinsa.

Zama kafin gini

A cikin Luka 14, Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya. Ya nuna cewa mai hankali yakan fara zama ya ƙididdige abin da aikin zai ci, don kada ya sa harsashi ya kasa gamawa, masu wucewa su yi masa dariya. Ainihin maganar a kan tamanin bin Almasihu take, amma Ubangiji ya ɗauko misalin daga abin da kowane magini ya sani. Abu na fari da ya ambata shi ne zama. Mu kuwa a watan Disamba mukan fara kware rufi, sa'an nan mu tambayi kuɗin kwano.

Shekarun nan sun koya mana darasi. A shekarar 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, manoma da yawa suka tashi hannu wofi. A farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Wanda ya dogara ga lissafin bara, sai ya tarar kuɗinsa ya ƙare aiki yana rabi. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka kira birkila, ka ware zakkarka, ka ware kuɗin makarantar yara na Janairu, ka ware na iri da taki, da ɗan abin da za a riƙe saboda rashin lafiya. Abin da ya rage shi ne kuɗin gyara. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kada ka karyar da cittarka a lokacin da kasuwa ta cika da ita domin kawai ka sayi fenti, kada kuma ka cinye adashin matarka ba da yardarta ba.

Ko siminti ba ya son gaggawa

Allah ya sa wa kowane abu lokacinsa, har da kayan gini. Masana gini sun san cewa kankare yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Ashe lintar da aka zuba ranar 15 ga Disamba ba za ta cika kwanakinta ba sai 12 ga Janairu. Iskar hunturu kuwa tana shanye ruwan filasta da sauri, shi ya sa bangon da ba a yayyafa masa ruwa ba yakan tsattsage. Fentin da aka shafa a kan ɗanyar filasta yakan kumbura ya ɓare. Gidan zai yi kyau a hoton Kirsimeti, kafin Ista kuwa a sake kiran mai gyara. Sauri ya haifi nawa.

Mu tuna kuma cewa rani ba ya ƙarewa da Kirsimeti. Janairu da Fabrairu da Maris suna nan kafin damina ta kankama. Aikin da ba a gama a Disamba ba bai lalace ba.

Hakkin ma'aikaci

A nan ne maganar ta fi nauyi. Idan kuɗi ya gaza, wa ake cewa ya yi haƙuri? Mai shagon siminti ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi. Mai tifar yashi ba ya juyewa sai an biya. Wanda ake bari da alkawari shi ne lebura da ya kwaɓa siminti, da kafinta da ya hau rufi, da matar da ta ɗebo ruwa a ka tun asuba. Akan ce musu, "Ku dawo bayan biki." Su ma fa suna da biki. 'Ya'yansu ma suna jiran shinkafa da sabuwar riga.

Shari'ar Musa ta umarta a biya matalaucin ma'aikaci ladansa a ranar da ya yi aikin, tun rana ba ta faɗi ba, gama a kansa ya sa zuciyarsa. Ta kuma yi gargaɗi cewa idan ya kai kuka ga Ubangiji, abin zai zama zunubi a kan mai aikin. Annabi Irmiya, a sura 22, ya tsauta wa sarki Yehoyakim domin ya gina babban gida da katakon al'ul, ya shafe shi da jan fenti, amma ya sa mutane aiki bai biya su ba. Yakubu 5:4 ya nuna cewa ladan da aka danne yana da murya, kuma tana kaiwa kunnen Ubangiji Mai Runduna. Yaya mutum zai tsaya a sujada da safiyar Kirsimeti yana raira waƙar murna, alhali bangon gidansa yana ƙararsa a gaban Allah?

Ku lura kuma, dokar ta haɗa ɗan ƙasa da baƙo. A yankinmu, mai yi maka walda ko mai kawo maka katako yana iya zama ba ɗan ekklisiyarka ba, ba ɗan kabilarka ba, ko ba mai bin addininka ba. Wataƙila ba zai taɓa shiga majami'a ya ji wa'azi ba. Abin da zai sani game da Almasihu shi ne yadda Kirista ya yi da shi a ranar biya. A ƙasar da ta sha wahalar rashin yarda da juna, cika alkawari ga ma'aikaci babbar shaida ce.

Haka kuma 'yan'uwa masu sana'a: kada ka karɓi kuɗin aiki a gida biyar alhali ƙarfinka na gida biyu ne. Kada ka rage siminti ka ƙara yashi. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Marta a cikin ƙura

Akwai wata da ba a cika lissafta wahalarta ba, wato uwargida. An fitar da kayan ɗaki tsakar gida, an rushe madafa, ƙura ta rufe tukwane, ga baƙi a hanya, ga hidimar Zumuntar Mata tana jiranta. Luka 10 ya ba mu labarin Marta, wadda hidima ta ɗauke mata hankali har ta kai ƙarar 'yar'uwarta Maryamu, ga kuwa Ubangiji zaune a cikin gidanta. Sau da yawa maigida ne yake mai da matarsa Marta, domin ya fara aiki bai yi shawara da ita ba. Ku zauna tare, ku yi addu'a, ku yanke abin da za a taɓa da abin da za a bari. Yara kuma su taimaka gwargwadon ƙarfinsu, amma kada ɗiban yashi ya hana su koyon waƙoƙi da wasan Kirsimeti.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, a fara da abin da ya shafi rai da lafiya: rufi mai yoyo, bangon da ke shirin faɗuwa, wayar lantarki da ta zage, bayan gida, da murfin rijiya. Fenti da tayil da silin su jira.

Na biyu, a yi ciniki a fili gaban shaida, a rubuta kuɗin aiki da ranar biya.

Na uku, a sa ranar tsai da aiki, kamar mako guda kafin Kirsimeti. Ranar nan a biya kowa, a share gida, ko an gama ko ba a gama ba.

Na huɗu, wanda ya san akwai hakkin ma'aikaci a hannunsa tun bara, ya neme shi ya biya kafin ya sayi akuyar biki. Dattawan ekklisiya su taimaka wajen sasanta irin wannan cikin ƙauna.

Kammalawa

'Yan'uwa, Mai Ceton da muke bikin haihuwarsa an kwantar da shi a komin dabbobi, domin ba a sami wuri a masauki ba. Makiyayan da suka je Baitalami ba su koma suna zancen bango ba, sun koma suna yabon Allah. Baƙinmu ma za su manta da launin ɗaki, amma ba za su manta da yadda aka karɓe su ba, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gara bango ba fenti da salama a cikin gida, da gida mai ƙyalli wanda ake ɓuya a cikinsa idan mai bin bashi ya yi sallama.

Ubangiji ya ba mu hikimar zama mu yi lissafi, da tsoronsa wajen biyan hakki, ya kuma sa gidajenmu su zama wurin da Almasihu zai sami masauki. Amin.