Itacen Bakin Rijiya

Duk wanda ya taɓa jan guga a tsohuwar rijiya a Ɗan Isa ya san itacen nan da ake gindayawa a bakinta. Safe da yamma igiya na bi ta kansa, har ta yi masa zane mai zurfi kamar tsagar gado. Muna yabon daɗin ruwa, muna sa wa mahaƙi albarka, amma shi da ke shan gugar igiya ba mu ko dubansa.

Masu jiragen ruwa na teku, irin waɗanda iska ke turawa, suna da makamancinsa. A goshin jirgi akwai wata 'yar taya ta tagulla ko roba mai tauri, wadda sarƙar anga ke bi ta kanta idan za a jefa ƙarfen cikin ruwa don tsayar da jirgi. Idan ta cinye, sai ta daina juyawa, sarƙa ta koma cin jikin jirgin. Shi ya sa mai hankali ke cire ta tun tana aiki. Haka itacenmu: idan zanensa ya yi zurfi ya yi kaifi, shi da ke kare igiya shi zai tsinka ta, guga ya faɗa rijiya.

To, ga tambayar: cire abin da ya yi mana hidima shekara da shekaru, tun bai karye ba, butulci ne ko adalci?

Zuciya takan ce butulci ne. Kakanninmu suka aza shi, in an sauya, anya rijiyarsu ce kuwa? Tsohuwar muhawara ce. Marubucin nan na Girka, Fulutak, ya ba da labarin jirgin Tisiyas da mutanen Atina suka riƙa sauya wa katako ɗaya bayan ɗaya, har masana suka yi ta jayayya ko shi ne jirgin farko. Mu dai amsarmu a bakin rijiya take: kakanni ba itace suka bar mana ba, ruwa suka bar mana.

Inda abin ya fi ciwo shi ne cikin gidajenmu. Kusan kowane gida daga Kauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi yana da nasa itacen. Wani yaya ne da kowace ɗawainiya ke bi ta wuyansa: kuɗin taki, asibiti, auren ƙanne. Wata inna ce da ta yi shekara 30 tana sulhunta kowa. Muna cewa, "Ai Yaya ya saba," ko "Inna ba ta gajiya." Ranar da haƙurinsu ya ƙare suka yi mana magana mai kaifi, sai mu ce halinsu ya canza. Mun manta igiyarmu ce ta wasa su.

Saboda haka barin mutum ƙarƙashin kaya har ya karye ba girmamawa ba ce, ganganci ne da muka sa wa rigar biyayya. Girmamawa ita ce ƙane ya je ya durƙusa ya ce, "Yaya, bana ni zan ɗauki takin gona."

Da bambanci ɗaya dai. Tsohon itace murhu ake kai shi. Shi kuwa mutum, in an sauke masa kaya, inuwa ake shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwan farko da sabon guga ya jawo.