DARASI NA TAKWAS: MAI BI DA ƘAGAGGEN LABARI

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-13, Luka 15:11-32, 1 Timoti 4:6-8.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana raba dattawa da samari a cikin ikilisiyoyinmu na ƙasar Gwantu. Yaro ya sayo littafin labari a kasuwar Kafanchan, ko kuwa yana karanta shi a waya, sai uba ya ce, “Ajiye wannan, ƙarya ce zalla.” Wani saurayi kuma Allah ya ba shi baiwar tsara magana, amma yana tsoron kada a ce ya bar hanya. Bari mu kawo maganar gaban Littafi Mai Tsarki.

Labarin da ya kama sarki

Sa'anda Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijinta a bakin dāga, babu wanda ya isa ya tsauta masa, gama shi ne sarki, shi ne alƙali. Ubangiji ya aiki annabi Natan. Ku lura, Natan bai fara da doka ba. Ya ba da labarin wani mawadaci mai garkuna da yawa, da wani matalauci wanda ba shi da kome sai 'yar tunkiya guda, wadda ta girma tare da 'ya'yansa. Da baƙo ya sauka, mawadacin ya ƙwace ta ya yanka. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci, ya ce a biya riɓi huɗu. Sa'an nan Natan ya bayyana masa cewa kansa ya hukunta.

Babu wannan tunkiya a wani garke na Isra'ila. Duk da haka wa zai ce Natan maƙaryaci ne? Maƙaryaci yana magana domin ya rufe gaskiya. Natan ya ƙaga labari domin ya tone ta, bai kuwa bar sarki cikin duhu ba. Tuban da mu ke karantawa a Zabura 51 daga nan ya fito. Ubangiji Yesu ma da misalai ya koya wa taro, kamar labarin ɗan da ya ɓatar da gādonsa. Kakanninku kuwa sun san wannan bambanci, gama mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ya ruɗin kowa: tun daga buɗe baki yara sun san tatsuniya ce.

Masu bi da suka riƙe alƙalami

John Bunyan, mai gyaran tukwane a Ingila, an ɗaure shi a kurkukun Bedford saboda wa'azi. A shekara ta 1678 aka buga littafinsa na tafiyar mai bi daga birnin hallaka zuwa birnin sama. Mutanen ciki duk ƙagaggu ne, amma jarabobinsu namu ne.

A ƙasarmu kuma, a shekara ta 1933, watau shekara guda bayan fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa, Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta labari. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. A cikin littattafan farko ɗin nan akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Labarin wani saurayi ne da mai dukiya ya ƙwace masa yarinyar da zai aura, ya tafi neman asirin ramuwa, masifar kuwa ta faɗa a kan yaron da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Wanda ya karanta shi da hankali zai ga abin da ramuwa ta ke haifarwa.

Ma'auni

Amma ba kowane labari ne na Natan ba. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan tatsuniyoyin banza waɗanda su ke janye zuciya daga ibada. Ma'aunin ba shi ne ko an ambaci zunubi a cikin littafi ba, gama Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye zinar Dawuda ba. Ma'aunin shi ne, sa'anda ka rufe littafin, me ya bari a zuciyarka? Idan ya sa ka ga zunubi da muninsa, ka ji tausayin wanda aka zalunta, ya yi maka aikin Natan. Idan kuwa ya shafa wa zunubi zuma har kana marmarinsa, ko ya sa ka raina maƙwabcinka saboda kabilarsa ko addininsa, ajiye shi, kome daɗinsa.

Kai kuma mai son rubutu, kada ka binne baiwarka. Amma kada ka yi tsammani labarin mai bi shi ne wanda kowane mutumin kirki ya yi arziki a ƙarshe. Wannan ita ce ƙaryar, domin mun binne masu adalci da yawa cikin talauci. Rubuta gwauruwar da aka ƙwace mata gona, da dattijon ikilisiya mai son girma, da wanda ya gafarta bayan an ƙone masa gida. Rubuta da Hausa, rubuta kuma da harshen uwarka, gama har yanzu littattafai kaɗan ne a cikinsa.

Tambayoyi

1. Don me Natan bai faɗa wa Dawuda laifinsa kai tsaye ba?
2. Wane labari ne ya taɓa nuna maka laifinka?
3. Yaya iyaye za su karanta tare da 'ya'yansu maimakon hani kawai?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu kunnen da ka ba Dawuda a ranar nan, domin idan labari ya nuna mu, mu tuba. Amin.