Inuwa a Ruwan Matsirga

Karatu: Karin Magana 27:19, Zabura 46:10

A Matsirga, wajen Madakiya kusa da Kafanchan, inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse ba ka ganin komai sai kumfa da feshi. Sai ka bi shi gangare kaɗan, inda ya kwanta, a nan itatuwan bakin rafi da sararin sama suke fitowa a kife cikin ruwan.

A nan na tarar da wata yarinya da sanyin safiya, ta ɗora takarda mai kauri a cinya, ga fentin ruwa da burushi biyu a gefe. Itatuwan ba su ba ta wuya ba, inuwarsu ce aikin. Ta jiƙa ƙasan takardar da ruwa zalla, ta ɗiga kore mai duhu, ta ja shi ƙasa sau ɗaya, ta bar shi ya bazu da kansa. Inda rana take ƙyalli a kan ruwan kuwa ba ta sa komai ba, farin takardar shi ne hasken. Sai ta ajiye burushi, ta naɗe hannu.

Na ce, "'Yata, har kin gama?"

Ta ce, "A'a Baba, jira nake. In na sake taɓa shi yanzu, laka zai zama."

Maganar nan ta bi ni har gida, domin ni mai yawan taɓawa ne. Nakan miƙa wa Ubangiji damuwata da asuba, kafin hantsi na karɓe ta ina juyawa.

Mai hikima ya kwatanta zuciya da ruwan da ake duba fuska. Ruwa ba shi da itace nasa, abin da ya fuskanta shi yake nunawa, shi ma sai ya natsu. Mu a kudancin Kaduna mun san abin da yake dama zuciya: labarin hari cikin dare, kuɗin makaranta, tsadar taki. Ban raina ko ɗaya ba, wasu sun hana ni barci. Amma sau nawa muke buɗe ido mu ɗauki waya tukuna, mu dama ruwan da hannunmu, sannan mu ce ba mu ga fuskar Allah ba?

Ɗan'uwa, kafin ka fita gona ko kasuwa yau, zauna shiru a gabansa ko da minti biyar ne.

Addu'a: Ya Ubangiji, kwantar da zuciyata, bari maƙwabcina ya ga kamannin Almasihu a cikina yau. Amin.