Idan Mai Ciwon Daji Ya Ƙi Abinci

A gidan da ake jinyar mai ciwon daji wanda ya yi nisa, yawancin rigima a bakin ƙwarya ake yinta. Matar gida ta dama kunu tun da asuba, ta kai wa mijinta, ya kurɓa sau biyu ya kau da kai. Ta roƙe shi, ya ƙi. Ranta ya ɓaci, ta ce ya fid da rai ke nan. Masu dubiya kuma in sun zo, tambayarsu ta fari ita ce, "Yana cin abinci?" In aka ce a'a, sai a dubi matar kamar ita ce ta gaza.

Mai bi ya sani ciyar da mayunwaci wajibi ne, shi ya sa lamirinsa yake damunsa. Shin wanda ya daina matsa wa majinyaci ya ci, ya bar shi da yunwa ke nan?

Ramar yunwa dabam, ramar ciwon daji dabam. Yaro mai tamowa in ya sami abinci mai kyau, jikinsa yakan karɓa ya murmure. Amma ciwon daji, musamman na tumbi ko na huhu, in ya yi nisa yakan kashe marmarin abinci, ya sa jiki ya riƙa cinye naman kansa. A shekarar 2011 masana daga ƙasashe dabam dabam suka daidaita a kan alamar wannan rama, watau mutum ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida, kamar mai kilo 60 ya zubar da fiye da kilo 3. Suka kuma ce abinci kaɗai ba ya iya mayar da naman duka. A 2020 ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka ta ba da shawara kada a mai da ciyarwa ta robar hanci ko ta jijiya abin yi wa kowane irin wannan majinyaci. Ashe ciwon ne yake hana shi ci, ba taurin kai ba. Jiki magayi ne.

Duk da haka wannan bai ba kowa dalilin naɗe hannu ba. Sau da yawa abin da ya hana ci yana da magani: kurajen baki, tashin zuciya, taurin bayan gida, ko zafin ciwo. Wajibi ne a gaya wa likita. Akwai kuma masu hana majinyaci nama da ƙwai da sukari, wai suna ƙara wa ciwon ƙarfi. Wannan hani ba ya warkar da kowa, kuma zalunci ne a ƙwace wa mai rama ɗan abin da bakinsa yake so.

A ba shi kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini, cikin ƙaramin kwano, gama babban akushi cike da tuwo yakan karya masa zuciya tun bai taɓa ba. Kunun gyaɗa, fura da nono, romo, dafaffen ƙwai, duk suna da amfani. In ya yi marmarin kankana da tsakar dare, a yanka masa. In ya ce ya isa, to ya isa.

Ɗura ita ce abin tsoro. Wanda ƙarfinsa ya ƙare yana iya ƙwarewa, kunun ya bi ta huhu, wahala ta ƙaru. Sau da yawa kuwa mai ɗurar tsoron kansa yake kora, ba yunwar majinyaci ba, domin ajiye ludayi kamar yarda ce cewa rabuwa ta matso.

A kwanakin ƙarshe yawancin majinyata ba sa kukan yunwa, sai dai bushewar baki. A jiƙa tsumma mai tsabta a goge masa baki, a shafa ɗan man kaɗanya a leɓe. Matar ta ajiye ƙwaryar ta zauna kusa da shi, masu dubiya kuma su tambaya ko ya sami barci.