Baƙin Gawayi da Tsarkin Ruwa

Tsarki ya tabbata ga Ubangijin da Ya sanya ruwa asalin rayuwa, Ya kuma ajiye waraka a inda hankali bai zata ba. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu auna ruwa da siffofi uku, wato launi da ɗanɗano da wari, matuƙar babu wadda ta jirkita, ruwan ya halatta ga mai alwala. Sai dai zamani ya zo mana da wata dauɗa wadda ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin ukun nan, har bawa ya kamfaci ruwa garau ya sha ya yi hamdala, alhali cuta na narke a cikinsa.

Dauɗar nan iri biyu ce. Ta farko ita ce ƙarafa masu nauyi, irin su dalma da zaiba da kuromiyom ɗin da masana'antun jima na Challawa da Sharada a Kano ke sarrafa fata da shi. Ba su ruɓewa, tafasa ba ta kore su, sai dai su taru sannu a hankali a ƙashi da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Mun ga ƙarfin dalma a Zamfara a 2010, lokacin da dakan duwatsun zinare a cikin gidaje ya yi ajalin yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ta biyu kuwa ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta ce, waɗanda ke fita ta fitsari da bayan gida, daga asibitoci da gidajen kiwon kaji, su gangara kwatami. A can ƙwayoyin cuta ke sabawa da maganin har ya daina cin su, kuma an ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta halaka mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019.

A nan ne hikimar Mahalicci ke bayyana ga mai tunani, domin abin da muke zubarwa a juji, ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da totuwar masara da ƙoƙon kwakwa, shi ne asalin maganin wannan dauɗa. Ana ƙona su a inda iska ba ta shiga har su zama gawayi, sannan a ratsa shi da tururi mai zafin da ya kai digiri 800 zuwa sama, sai cikinsa ya buɗe ya zama ƙofofi da lunguna waɗanda ido ba ya riska. Da za a shimfiɗa bangon lungunan da ke cikin giram ɗaya, zai iya kai murabba'in mita 1,000, wato giram 7 ya kusa rufe filin ƙwallo. Rariya tana tare abin da ya fi hudarta girma ne kawai, shi kuwa gawayi janyowa yake yi ya riƙe, ƙarfen ya ɗamfaru da wuraren da ke ɗauke da caji a jikinsa, ƙwayar maganin ta shige lungu ta manne. Haka yumɓu ma yake karɓar ƙarfe mai guba ya saki wanda ba ya cutarwa. Subhanallahi, baƙin abin da ke ɓata farar riga shi ne aka hore wa tsarkake ruwa!

Amma kowace halitta tana da iyaka. Gawayin murhu bai kai wanda aka sarrafa ƙarfi ba, kuma ko wanda aka sarrafa ɗin yakan ƙoshi, sai an sabunta shi ko an killace shi da kyau, in ba haka ba gubar ta koma inda ta fito. Saboda haka muna kira ga masu masana'antu da hukumomin asibitoci da su tace ruwansu kafin ya bar harabarsu, jami'o'inmu kuma su fitar da wannan ilimi daga ɗakin gwaji zuwa bakin kwatami. Ruwa amana ne a wuyanmu, kuma za a tambaye mu game da wanda ya sha shi a bayanmu.