Warin Kifi a Ɗaki na Tara

Ni ne mai karɓar haya a gidanmu na Aboabo. Ba don na fi kowa hankali aka ɗora mini ba. Mu bakwai Baba ya bari, uku mata suna gidajen aurensu, ɗaya yana Ankara, ɗaya a Jamus, Yaya kuma ya ce shekarunsa sun wuce na bin mutane bashi. Gidan ɗaki goma sha huɗu ne kewaye da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, irin wanda fataken goro suka riƙa ginawa a zangon Kumasi da ribar huhu. Baba ya jawo masa wuta a farkon shekarun 1970, lokacin da wutar Akosombo take sabon abu, kowane ɗaki ƙwai ɗaya. Ni kuwa tun da na yi nawa ginin a Sawaba ban sake kwana a gidan ba. Ku riƙe wannan, don a kansa maganar take.

A hunturun bara matar da ke ɗaki na tara ta kira ni. Bazawara ce mai 'ya'ya uku, tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi da safe, da rana kuma ruwan leda mai sanyi daga firizarta. Ta ce, "Alhaji, ɗakina warin kifi yake yi, ni kuwa rabona da kifi tun wancan watan." Na yi dariya, na ce ɓera ne ya mutu a silin, ta yi haƙuri zai bushe. Bayan mako biyu ta sake kira, wannan karon ba dariya a muryarta. Na je. Soket ɗin da ke bayan firizar ya yi baƙi kamar gindin tukunya, na kai yatsa na janye ba shiri. Ashe tsohuwar robar soket in tana dahuwa a hankali, warin kifi take yi.

Yaron da na kira mai gyaran wuta ne mai lasisin Hukumar Makamashi, sa'an ɗana na biyu. Ya hau silin da tocila, ya jima, sannan ya leƙo ya ce, "Baba, sai dai ka hau ka gani da idonka, in na faɗa za ka ce kuɗinka nake so." Na hau tsani da gwiwoyin nan nawa. Abin da na gani shi ne wayar Baba, siririya, rigarta ta bushe har tana marmashewa in an taɓa. A jikinta an yi jone-jone ba adadi, kowane ɗan haya da ya zo ya ja reshensa. Wani mahaɗin an naɗe shi da tef, wani da baƙar leda ta kasuwa, ledar ta narke ta manne da katako. Katakon kuwa na itacen wawa ne, ya sha hunturu hamsin, ga ƙura ga sheƙar ɓera.

Da muka sauko ya yi mini lissafi a bayan kwali. Ƙwai mai wat 60 guda goma sha huɗu, wat 840 ke nan, gidan Baba gaba ɗaya. Butar dafa ruwa ɗaya ta zamanin yanzu tana cin wat 2000, ta ninka gidan fiye da sau biyu. A gidan akwai irinta biyar, ga dutsen guga, ga tukunyar shinkafa, ga firiza uku. Wayar milimita 1.5 ta ƙwai ce, soket 2.5 yake so, in ka ɗora wa siririya kayan babba sai ta yi zafi, kuma inda mahaɗi ya yi sako-sako nan zafin yake taruwa. Sannan ya buɗe akwatin fis. Fis ɗin an yi shi ne don ya mutu kafin gida ya mutu. A namu babu fis, igiyar tagulla ce mai kauri aka murɗa a gurbinsa.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na yi shiru. Ni ne. A 2015, lokacin dumso, da wuta take zuwa kamar baƙuwa, kowa ya kunna komai a lokaci ɗaya, fis yana ta ƙonewa, 'yan haya suna ta kirana tsakar dare. Na ba wani yaro 'yan sidi na ce ya yi mini maganin abin. Ya yi kuwa, ban sake jin kira ba, har na riƙa yaba masa.

A ranar da mai gyaran wutar ya hau silin na fara jin cewa Ghana tana da dokar jan wayar lantarki tun 2011, wadda ake kira L.I. 2008: ba mai ja wa gida waya sai mai lasisi, kuma wayar da ta kai shekara goma a dawo a gwada ta. Wanda ke Jamus ya ce mini can ba a wasa da irin wannan, ɗan ƙanwarmu da ke haya a Ingila ya ce tun 2020 dole maigida ya sa a duba wayar gidan haya duk shekara biyar, ya ba ɗan haya takardar. Mu a Aboabo ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaye ni takarda, mai karanta mita kuɗinsa kawai yake nema. Saboda haka tsoron hukuma bai shiga lissafina ba, kuma ba zan yi ƙaryar ya shiga ba.

Kuɗin sake wayar ya kai hayar ɗaki huɗu ta shekara guda. Kuɗin magada ne, sai da na tara su. Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wayar nan shekara hamsin tana nan. Kai ka tsare ta? Sabuwar kasuwar Kejetia injiniyoyi suka gina ta da takardunsu, ba ta kama wuta a 2023 ba? Kasuwar Adum ba ta ƙone ba? Abin da Allah ya rubuta ba mai gyaran wuta da zai goge shi, wanda bai rubuta ba ledar nan ma ta isa." Ba na so a ɗauki Yaya jahili ko marowaci. Mutum ne da ya binne 'ya'ya biyu bai ɗaga murya ba, imaninsa da ƙaddara ba na baki ba ne. Kuma abin da ya faɗa gaskiya ne, ban tsare wayar ba, hasali ma ni na cire mata mai gadi. Na kasa ba shi amsa a wurin. Na ce gemun maƙwabci ya kama wuta, ya ce ruwan ma sai Allah ya so yake kashewa.

Na kai maganar zauren malaminmu bayan Asuba, ina zaton zai goya mini baya nan take. Sai ya fara da ɓangaren Yaya. Ya ce a Muhtasar na Shehu Halil, a babin haya, ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara. In lalacewar tana cutar da ɗan haya, yana da zaɓi ya tashi. Na ce, "Allah gafarta Malam, ta tashi ta je ina? Hayar shekara biyu na karɓa a hannunta." Dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba, amma wa yake bin ta a garin nan? Ni dai ban bi ba. Kuɗin an raba wa magada, an ci. Zaɓin da littafi ya ba ta, ni na riga na saye shi.

Malam ya yi murmushi, ya wuce can gaba wajen ƙarshen littafin, inda ake maganar lamuni. Mas'alar katanga ce. In katangar mutum ta karkata, aka gargaɗe shi, ya samu lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba, ta faɗa kan wani, to shi zai biya. Sharaɗi uku: karkata, gargaɗi, da sarari. Ya rufe littafin ya ce, "Lissafa naka."

Na lissafa a hanya, daga zaure har unguwar Pelele. Gargaɗi na samu, sau biyu, daga bakin mai wake. Sarari na samu. Wannan bai ba ni wuya ba. Abin da ya hana ni barci shi ne shekarun da suka gabata kafin ta kira. Katanga a fili take, in ta karkata mai wucewa zai gani, maƙwabci zai yi magana, limamin unguwa zai aiko. Shi ya sa malamai suka rataya lamuni a kan gargaɗi, don a duniyarsu aibin gini yana da masu gani. Waya kuwa tana karkata ne a cikin duhu, sama da kan mutane, inda ba mai hawa sai ɓera. Gargaɗi ba zai zo ba sai an kira wanda zai hau ya duba, kuma mutum ɗaya ne yake da ikon kiransa. In na ƙi kira, sannan gobe na ce ba a gargaɗe ni ba, wa na yaudara? Akwai rashin sani da yake faɗo wa mutum, akwai kuma wanda mutum yake kiwonsa don yana da araha. Nawa na biyun ne. Shekara da shekaru ban hau silin ba, kuma can ƙasan zuciyata na san dalilin: abin da ban gani ba, ba zai ci mini kuɗi ba.

Duk wanda ya yi makarantar allo a zango ya san labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Da shi ake ba irin su Yaya amsa, ni ma da shi na so in ba shi. Amma na lura labarin bai kai inda nake ba. Raƙumin na mutumin ne. In ya sake shi ya ɓata, asararsa ce, yana iya cewa ya yarda da hukuncin Ubangiji, ba mai tuhumarsa. Ni kuwa a Sawaba nake kwana, ƙarƙashin sabuwar waya. Abin da na saki ba nawa ba ne, yara uku ne a kan katifa ɗaya, a ɗakin da tagarsa ke da ƙarfen tsaro, ƙofarsa ɗaya, firizar kuma a bakin ƙofar take. Mutum yana iya yin tawakkali da ransa da dukiyarsa, har a yaba masa. Ban ga inda aka ba shi izinin yi da 'ya'yan wata ba, ballantana yana karɓar kuɗi a kai.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya je wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda ya fi kowa sanin ƙaddara, abin da aka ruwaito daga gare shi umarni ne: wutar nan abokiyar gaba ce, a kashe ta in za a kwanta. A wata ruwayar har an ambaci ɓera da ke jan lagwani. Ta'aziyya tana da wurinta, amma darasin da aka bar mana na lagwani ne. Fitilar Madina mai ɗaki ne yake hure ta. Tamu ba ta huruwa. Mai wake tana iya kashe makunninta ta yi addu'ar barci, wutar tana nan tana gudu a saman kanta zuwa ɗaki na goma.

Na zauna a zaman makoki na gobara fiye da sau ɗaya a garin nan, kuma kalmar da ake ta maimaitawa ita ce ƙaddara. Na daɗe ina jin ta kalma ɗaya ce, yanzu ina jin ta biyu. In uwar da ta rasa ɗa ta faɗe ta, ibada ce, da ita take tsayawa da ƙafafunta. In mai gidan ya riga ta faɗa, rufe bakin mutane yake yi, don ba mai iya tambayar fis bayan an ambaci Allah. Shari'a kanta ba ta yarda kalmar ta share komai ba. Kisan kuskure ma ƙaddara ne, wanda ya yi bai nufa ba, amma a Suratun Nisa'i an ɗora masa diyya da kaffara, in bai samu wuyan da zai 'yanta ba azumin wata biyu a jere. Wanda ya rubuta ajalin shi ne ya rubuta biyan. Na ƙirga yaran ɗaki na tara, na ga wata shida, ban ma sa uwarsu ba.

Da wannan lissafin na koma wa Yaya, ban ɗauki littafi ba. Na ce, "Yaya, in abin ya faru, ni da kai wa zai je ya gaya mata ƙaddara ce?" Ya daɗe yana jan carbi. Bai ce na yi gaskiya ba, har yau bai ce ba. Abin da ya ce shi ne a cire daga kasonsa, amma kada a ƙara wa kowa haya saboda wannan, don in an ƙara to su suka biya, mu muka ci lada a baki. Nan ya kama ni, don na riga na fara lissafin ƙarin a zuci.

Kuɗin da ya taru ɗaki takwas ya yi, da sabon akwati mai bireka, da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa bayan banɗaki. Bireka ɗin yakan faɗi in an haɗa buta da dutsen guga a layi ɗaya, 'yan haya kuma sun koma kirana kamar a 2015. Telan ɗaki na uku har ya ce zai kawo yaro ya yi maganin abin, na ce in ya taɓa akwatin ya nemi wani gida. Ɗaki shida na baya suna nan a kan wayar Baba sai bayan Babbar Salla, in na Jamus ya turo nasa. Kafin nan na roƙe su su kwashe butocinsu su riƙa dafa ruwa a gawayi, biyu sun yarda. Ran Juma'a in na taso daga masallaci nakan biya, in shiga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya ina shinshina bango, yaran gidan suna bina a baya suna dariya.