Sarkin Kuɗi da Shanun Dutsen Habude

A cikin kartar duba ta Turawa, wadda suke kira tarot, akwai wani kati mai hoton sarki a kan karaga. Rigarsa cike take da zanen 'ya'yan inabi, hannunsa ɗaya riƙe da sandar mulki, ɗayan ya dafa ƙaton kuɗin zinare a kan gwiwarsa, ga ganuwar fadarsa ta baya. A jikin karagar an sassaƙa kawunan bijimai. Shi ne Sarkin Kuɗi, ɗaya daga katunan fada 16 da ke cikin kati 78 na wannan karta, domin kowane gida daga gidajenta huɗu yana da sarki da sarauniya da barde da yaron fada.

Masu duba da ita sun ce idan wannan kati ya fito wa mutum, to ana nufin magidanci wanda ya tara, ya zauna daram, ana ci a ƙarƙashinsa. Bijimin shi ne ƙarfi da juriya, inabin kuma yalwa. In katin ya fito a kife, sai fassara ta koma rowa da haɗama. Yau duk mai waya a Birnin Kudu ko Gwaram zai iya cin karo da bidiyon wata tana baje katunan nan tana yi wa masu kallo albishir da arzikin wata mai zuwa, kuma ba a rasa masu cewa amin.

Mu ma muna da namu. Mai bugun ƙasa yakan shimfiɗa rairayi ya yi ɗige-ɗige, ya fitar da gidaje 16, wasu ma da sunayen annabawa ake kiransu, ya ce ga Yusufa ya sauka a gidan dukiya. Hukuncin duka ɗaya ne, kuma malamai ba su ɓoye shi ba: a cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman kuwa ta sa abin da rai zai aikata gobe da ƙasar da zai mutu a cikin abubuwan da Allah kaɗai ya sani. Ba ni da abin ƙarawa a kan wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin mutanen da katin ya bi ta hannunsu.

Karta ta shiga Turai ne wajen shekarun 1370, daga Masar ta zamanin Mamalik. Akwai sauran wata tsohuwar kartarsu a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul, da sarkinta da mataimakansa biyu. Daular da ta yi ta kuwa ta faɗi a 1517, Sarkin Turkawa Salim ya sa aka rataye sarkinta na ƙarshe, Tuman Bay, a Ƙofar Zuwaila ta Alƙahira. Tarot kanta a arewacin Italiya aka fara ta wajen 1440, don wasa kawai a fadojin Milan da Ferrara. Sarkin Milan Filippo Maria Visconti, wanda aka zana wa katuna da ruwan zinare, ya mutu a 1447 bai bar ɗa namiji da zai gaje shi ba, sarautar ta koma hannun surukinsa Sforza. Sai bayan shekara fiye da 300, a Faransa, aka fara cewa akwai asiri a cikin katunan. Hoton Sarkin Kuɗin da aka fi sani yau wata mata ce, Pamela Colman Smith, ta zana shi, aka buga a Landan a 1909. An sayar da miliyoyin kwafi. Ita kuwa ta rasu a 1951 da bashi a kanta, aka yi gwanjon kayanta don a biya.

Kawunan bijiman nan na jikin karaga su ne suka sa na tuna gida. Mai zanen ta san abin da Bafulatani ya riga ta sani, cewa shanu su ne fuskar dukiya. Kuma tun kafin Milan ta zama abin zance a wurinmu, wasu mutane a nan Birnin Kudu sun zana dukiyarsu a jikin dutse. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai hotunan shanu da ja da fari a ƙarƙashin rumfunan duwatsu, inda ruwan sama ba ya dukansu. A shekarun 1950 Bernard Fagg, jami'in kayan tarihi wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarinsu ya rubuta, tare da wasu duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Yanzu suna cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Duk wanda ya san shanu, in ya ƙura wa zanen ido, zai ga abin mamaki: ba su da tozo. Wasu masu dogon ƙaho ne, wasu gajere, amma bayansu a shafe yake. Je ka kara a kasuwar Sara ka duba, bunaji ne da rahaji da bokoloji, kowanne da tozonsa. Ke nan masu shanun sun tafi, irin shanun ma ya bar yankin nan. Mutumin da ya jiƙa jar ƙasa ya tsaya yana fitar da ƙahon saniyarsa a hankali, tabbas akwai wadda ya fi so a garken, akwai wanda yake bi bashi, akwai shirin da ya yi wa damina mai zuwa. Ba a san sunansa ba, ba a san harshen da yake kiran shanun da shi ba. Ramukan da ke jikin duwatsu masu amo shaidar hannuwa ne da suka yi ta bugu, zuriya bayan zuriya, har dutse ya lotsa, kuma ba ɗaya daga cikinsu da wani zai ce kakansa ne.

Sarauta ma haka. Marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, wanda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashin masarautarsa, ya hau a 1995 ya rasu a watan Janairun 2023, Allah ya jiƙansa. Cikin kwanaki kaɗan aka naɗa ɗansa, aka ci gaba da busa algaita.

A ganina babbar yaudarar katin nan ita ce zaman sarkin. An zana shi kamar wanda ya iso, ya sauke kaya, ba sauran tafiya. Haka mu ma muke zana kanmu a zuci: in na sayar da riɗin bana, in na gama ginin nan, in na aurar da ta ƙarshen, sai in zauna. Magidanci nawa ne a ƙauyukan Gwaram suka yi shuka da ruwan fari, wasu suka girbe musu? Ana sallar asuba da mutum, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa.

Daga nan sai lissafi ya koma hannun wasu. A fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, a zartar da wasiyya in bai wuce sulusi ba, sannan magada su raba saura. A nan ne ake ganin abin da mamaci ya bari a ka bai sa a takarda ba: buhun takin da ya karɓa zuwa kaka, saniyar da ya ba wani kiwo a daji, gonar da ya riƙe jingina shekara da shekaru har 'ya'yansa suka ɗauka tasu ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa bai dace Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba a rubuta ta ba. Da yawanmu mun haura sittin ba mu rubuta ba, muna cewa ai kowa ya sani. Wanda ya sani ɗin sau da yawa shi ma ya riga mu, sai a bar marayu da kawunansu suna zarya a kotun shari'a a kan iyakar gona.